Wasiƙa Zuwa Ga Mai Sunan Baba

Abbana,

Ina fatan kana cin abincin makaranta ko da bai yi maka daɗi ba. Jiya aka yi addu'ar arba'in ɗin Baba. Ban yarda a ɗauko ka kuna tsakiyar jarrabawa ba, shi ya sa da baƙi suka watse na zauna rubuta maka wannan.

Kai ka san shi tsoho mai furfura, wanda yake ɓoye maka alawa a aljihun keken ɗinki. Ni na san shi da ƙarfinsa, tela mai shago kusa da kasuwar Kurmi, wanda ba ya iya zama in an ce wani abu ya faru a unguwa. In aka yi rasuwa, kafin a gama wanka yana maƙabartar Ɗandolo da diga da shebur. Da damina shi da abokansa suke cike kaburburan da suka rufta. Ranar idi kuwa da kakin 'yan agaji yake fita, yana gyara sahu. A 1996 da sanƙarau ya shiga Kano, ya yi makonni yana kai marasa lafiya Asibitin Zana, in ya dawo sai ya tuɓe kayansa a zaure kafin ya shigo mana.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai lokacin da na ji haushinsa. Wata ƙaramar Sallah muka fita da tsofaffin kaya, mu 'ya'yan tela, saboda a daren jajibere ya bar ɗinkinmu a kan keke ya raka matar maƙwabci da naƙuda ta yi wa gardama. Na yi kuka har na shiɗe. Da ya dawo da hantsi, bai ba ni haƙuri da baki ba. Ya zauna ya ƙarasa rigata idonsa jajir, ya kai ni yawon Sallah a kan kekensa na hawa washegari.

Abin da ya fi cin ransa shi ne shan inna, kuma ka san dalili. Antinka, 'yarsa, tana shekara biyu ta yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, da ya sauka sai ƙafarta ta hagu ta saki. A lokacin cewa ake yi aikin iska ne. Babu inda bai kai ta ba, har ya sayar da keken ɗinki ɗaya. Daga baya ya fahimci ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazanta da gurɓataccen ruwa, kuma ɗigo biyu na rigakafi a baki na iya tare ta. Tun daga nan bai huta ba.

A 2003 aka baza jita-jitar cewa rigakafin yana hana haihuwa, aka dakatar da shi a Kano har Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da aka dawo da aikin, mata ne suke shiga gidaje, shi kuwa aikinsa a zaure yake, wurin maigida. Ba ya musu, ba ya wa'azi. Zai zauna a tabarma a gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce in maigida yana so ya zo ya ga yadda 'yarsa take hawa matakala. An zage shi, an ce kuɗin Turawa ya ci. Sisin kwabo bai taɓa karɓa ba, ni shaida ce, don ni nake riƙe masa littafin shago.

A ranar Juma'a, 8 ga Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Kana da wata huɗu a duniya. Hajiya, kakarka, ta roƙe shi da hawaye ya bari haka. Ya yi shiru. Da aka sake fitowa zagaye, ya karɓe ka daga bayana, ya fita da kai ƙofar gida inda 'yan majalisa suke zaune, aka ɗiga maka a gabansu, aka shafa maka tawada a ƙaramin yatsa. Ina leƙe ta bayan labule, gabana yana faɗuwa. A ranar mutum uku suka shiga gida suka fito da nasu.

A 25 ga Agustan 2020 rediyo ta ce an ayyana Afirka ta rabu da cutar. Ya kashe rediyon, ya tafi ɗakin Antinka, suka daɗe ba su ce komai ba.

Kawunka ya ce ranar jana'iza sun isa maƙabarta suka tarar an gama haƙa. Samarin da ya koya wa riƙon diga ne suka yi, kuma suka ƙi karɓar ko kuɗin ruwa.

Keken ɗinkin yana nan a ɗakina, na lulluɓe shi da zane. Da na buɗe aljihun na sami alawa biyu, na bar maka su yadda suke. In an yi hutu Kawu zai kai ka ziyara. Antinka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi da asuba. Ka sa shi a addu'a bayan kowace salla.

Taka,
Umma