Shekarar da Kunyar Tambaya Ta Ci Mini

Da na shiga kwalejin shekara biyu a Bronx, cikin birnin New York, ce wa mutanen gida na yi na shiga jami'a. Kunya nake ji a ce 'yar Hajiya ta tafi Amurka ta ƙare a ƙaramar makaranta. Alhali irin waɗannan kwalejoji su ne tsanin talaka a ƙasar: kuɗinsu da sauƙi, akwai ajin dare, suna karɓar mai aiki da mai goyo. Da rana ina kula da wata tsohuwa a gidanta, da dare ina aji.

Wannan kunyar ce ta biyo ni har ofishin mai ba ɗalibai shawara. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarta ina juyawa, don kada ta ji Turancina ta raina ni. Sai na riƙa zaɓar kwasa-kwasai da ka, duk wanda ya dace da lokacin tashina daga aiki. Na haihu, na ajiye karatu, na dawo.

Ranar da na kai takarduna jami'a neman digirin jinya, ma'aikaciyar ta bi su layi-layi da biro. Ilimin sassan jiki da na yi ya haura shekara biyar, su kuma ba sa karɓar kwas ɗin kimiyya da ya daɗe haka. Lissafin da na sha wuya a kansa ba shi suke nema ba, na ƙididdiga suke so. Kuma ashe akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin kwalejinmu da jami'ar, mai nuna kwas ɗin da zai ƙetara da wanda ba zai ƙetara ba. Tana nan a ofishin da na ƙi shiga. A jirgin ƙasa na yi kukana, ban gaya wa kowa ba.

Na so in haƙura da ƙaramar shaidar jinya, tunda da ita ma ana zana jarrabawar NCLEX a samu lasisi. Amma tun 2017 jihar New York ta yi dokar da ta wajabta wa sababbin nas-nas samun digiri cikin shekara goma da karɓar lasisi. Ba makawa dai.

Na koma na maimaita, shekara guda cur. A wannan karon na buga wa Hajiya waya na faɗa mata gaskiya. Cewa ta yi, "To, mene ne abin ɓoyewa? Allah Ya yi albarka." Wannan maganar ta fi asarar shekarar yi mini nauyi.

'Yar'uwa, in kin shiga kwaleji da niyyar jinya, tun a zangon farko ki je ofishin nan, ki nemi takardar yarjejeniyar, ki tambayi shekara nawa kwas ɗin kimiyya yake yi kafin a daina karɓarsa.