Hanyar Lafiya Zuwa Bakin Teku

Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yawancinmu a littafi kawai muka san teku. Da ƙungiyar ɗalibanmu ta shirya ziyarar Legas a babbar bas, gardamar hanya ta fi ta kuɗin mota zafi.

Daga Funtuwa hanya biyu ce. Ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, gadar Jebba zuwa Ilori ta fi kusa, amma ga ramuka, ga tireloli, ga dajin da kowa ya san labarinsa. Doguwar mota cike da ɗalibai ba ta kauce wa rami a guje, in kuma ta lalace a can, wa zai tsaya? Ta Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja zuwa Ibadan kuwa ta fi nisa da shan mai, amma akwai garuruwan kwana da makanikai.

Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, tambayar iyayenmu ɗaya ce: "Ina za ku kwana?" Muka ce Lakwaja, kuma babu tafiyar dare. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.