Kwanakin Bita a Matameye

Asabar

Saura ƴan makonni a zauna jarrabawar BEPC, ƙanwata ta ƙwace salular ɗiyarta ta kulle a akwati. "Yaya, wannan abin ne ya shagaltar da ita, TikTok ba dare ba rana." Ban musa mata ba, don ni ma na sha ganin yarinyar ta ƙura wa gilashi ido har tuwo ya huce. Na dai roƙa a bar ni in riƙa zuwa ina ja mata bita, tun da koyarwa ce sana'ata kafin in huta.

Lahadi

Mun buɗe kayen lissafi bayan la'asar. Ba ta gama tambayar farko ba aka ƙwala mata kira ta kai markaɗe. Ta dawo, aka miƙa mata ƙaninta ta goya. Maƙwabciya ta aiko aron rariya, ita aka tura. Almajiri ya yi sallama, ita ta tashi da kwano. Duk aiken ƙanana ne, ba wanda zai gani ya ce an matsa mata. Amma lissafi ba ya jiran mutum inda ya bar shi. Duk dawowar da ta yi sai ta daɗe tana bin layi da yatsa, tana laluben inda tunaninta ya tsinke, sau da yawa ma sai ta koma farko. Ana kiran magariba ba mu cika shafi ɗaya ba, ga salula tana akwati tun jiya. Wanta kuwa yana fada wajen shayi, babu wanda ya neme shi.

Litinin

Ta dawo daga lakwal a gajiye, zafin Mayu ya dafa kowa. Na ce ta kwanta.

Talata

Wuta ta ɗauke da isha'i. A nan ta ce mini, "Kawu, da fitilar salular nake karatu in haka ta faru." Ashe kuma a WhatsApp mushensu ke turo musu tambayoyin shekarun baya. Yaran ajinta sun san duhu: lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a Maris na 2024 aka maido, kuma da hasken salula da yawansu suka yi darasin gida. Abin da ke sace mata hankali shi ne kuma fitilarta da laburarenta. Wannan ya dame ni ƙwarai, don ƙwacewa ba ta raba amfanin da ɓarnar.

Laraba

Yau gida shiru, ba aike, amma ta kasa karanta komai. Da na matsa mata sai ta ce ƙawarta da suke benci ɗaya ba ta zo ba tun makon jiya, an ce ta bi uwarta Aljeriya. Duk ɗan ƙasarmu ta Kance ya san abin da wannan hanya take nufi. A Oktoban 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a sahara bayan Arlit, galibinsu mata da yara, da yawa daga nan yankinmu. Na rufe kayen, muka yi wa ƙawar addu'a.

Alhamis

Na sami ƙanwata tana tankaɗe, na zayyana mata abin da na gani ranar Lahadi. Ranta ya ɗan sosu. "To Yaya, wa zan aika? Ni kaɗai ce da aikin gidan nan." Gaskiyarta, ba don son rai take kiran yarinyar ba. Na ce akwai namiji a fada, ƙafarsa ƙalau. Ta ce mutane za su yi magana in aka ga saurayi da roban markaɗe. Na ce su yi, jarrabawar ba za ta ɗaga saboda bakinsu ba.

Juma'a

Bayan masallaci muka daidaita. Daga la'asar zuwa magariba ba mai kiran sunanta, aike ya koma kan wanta. Salula za ta zauna a aljihuna, in ba ta idan za ta duba tambayoyi ko wuta ta ɗauke. Yaron ya ɗauki roban yana gunaguni, amma ya tafi. Ta yi shafi uku.

Da dare hadari ya haɗo daga gabas. In ruwan ya sauka sosai, gobe kowa zai fita shuka, kuma babanta ya riga ya ce yana buƙatar hannunta a gona. Da asuba zan same shi.