Masu Tafiya da Masu Isowa a Kurmin Sarki

Mai son ganin tsuntsaye a Suleja cikin bazara sai ya yi sammako, domin kafin hantsi ya ɗaga zafi ya kora su cikin ganye. Ana idar da sallar asuba na ratsa Kurmin Sarki a ƙafa, ina bin lunguna har inda gidaje suka yi sarari, itatuwan mangwaro suka fara yawa.

'Yan gida ne suka fara tarbata. Kurciya na kuka a kan wayar lantarki, hankaka na kewaya juji, cilakowa kuma ta wuce da irin tashinta, ta kaɗa fiffike ta yi sama, ta saki jiki ta yi ƙasa. Da na gangara wani kwari na tarar da balbelu suna bin shanun Fulani, suna cafke farar da kofato ya tayar. Kurege ya tsaya ya dube ni, sannan ya shige rami.

Amma baƙi ne suka kawo ni. Watan Afrilu lokacin sauyi ne a sararin wannan yanki. Tsattsewar da ta gudo wa sanyin Turai ta gama cin rani a nan, tana tara ƙiba da ƙwari kafin ta keta Sahara ta koma inda za ta yi ƙwai. Tana barin wuri shamuwa na isowa daga kudancin Afirka, tana bin sawun ruwan sama. Na hango ayarin shamuwa suna shawagi can sama ta wajen Dutsen Zuma. Yawancinsu wucewa za su yi zuwa ƙauyukan Katsina da Maraɗi, su yi sheƙa a bishiyoyin tsakiyar gari, inda ba mai taɓa su, domin manomi ya san da ganinsu sai gyaran gona. Shirwa ma arewa take nufa idan damina ta kankama.

Akwai wadda na nema ban gani ba: ungulu. A da ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa a garuruwanmu. Masu kama ta don tsibbu da masu zuba guba a mushe sun kusa ƙarar da ita, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa.

Matsalar sauran ita ce wurin zama. Garin Suleja, wanda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828, ya cika ya tumbatsa tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, ma'aikata suka kwararo neman haya mai sauƙi. Kowane sabon fili da aka yanka, ɗorawa ko kaɗanya ce ke faɗuwa.

Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanan inda suke ta hannun 'yan sa-kai. Matasan Suleja na iya shiga wannan aiki da wayar hannu kawai. Idan aka rubuta abin da ke Kurmin Sarki bana, za a sami hujjar roƙon masu gini su bar ko da bishiya ɗaya a tsakar gida.