Furen da mai lambu bai gani ba

A shekara ta 1919, yaƙin duniya na farko bai daɗe da ƙarewa ba, Lionel de Rothschild ya sayi wani makeken fili a kudancin Ingila, a wurin da ake kira Exbury, bakin kogin Beaulieu. Ɗan gidan masu banki ne, yana da shekara 37 a duniya. Mai dukiya irin tasa yana iya sayen ƙasa duk inda ya ga dama, amma nan ya zaɓa, don ƙasar wurin mai tsami ce, iskar teku tana rage kaifin sanyi, ga kuma tsofaffin itatuwa masu inuwa. Waɗannan su ne sharuɗɗan itacen da ya shiga ransa, wato rododandaron.

Sunan daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa itacen wardi. Ire-irensa sun kai wajen 1,000, mafi yawansu a duwatsun Himalaya da kudu maso yammacin Sin, inda hazo da ruwan sama ba su cika yankewa ba. Wani bai kai gwiwar mutum ba, wani ya fi soro tsawo. A lambunan Ingila cikin Afrilu da Mayu yake zuba fure, ja ko fari ko shuɗi-shuɗi, dunƙule-dunƙule, har ganyen ya ɓace.

Sai dai itace ne mai wuyar sha'ani. Ƙasar da ke da alli ko ɗanɗanon kanwa guba ce gare shi, domin tana hana saiwarsa jan sinadarin ƙarfe. Ganyen sai ya koɗe ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su rage kore, itacen ya yi ta ramewa alhali abincinsa na nan ƙarƙashinsa. Saiwar kuwa siririya ce kamar gashi, kuma ba ta nitsa ƙasa, a sama-sama take shimfiɗa. Saboda haka wanda ya dasa shi da zurfi ya binne shi da rai, wanda ya kai masa fartanya don ya share gindinsa ya yanke masa hanyar ci. Ruɓaɓɓen ganye ake zuba masa ya riƙe laima, a ƙyale shi. Yana son danshi kullum, amma in ruwa ya kwanta a gindinsa saiwar ta ruɓe. Abin da ya fi yaudarar sabon mai lambu shi ne, tun watannin Yuli da Agusta itacen yake ɗaura ƙullin furen baɗi. In ƙishirwa ta same shi a lokacin ba zai nuna ba, sai bayan wata tara, ran da aka zo kallon fure aka tarar babu.

Rothschild ya san wannan, ya kuwa tunkare shi da abin da ya fi kowa, wato kuɗi. Mutane kimanin 150 suka yi shekara goma suna sarar daji suna juya ƙasa. Aka haƙa rijiyoyi masu zurfi, aka gina hasumiyar ruwa, aka binne bututu mai tsawon kilomita 35 ko kusa da haka, don kada itace ko ɗaya ya kwana da ƙishi cikin lambun da ya kai hekta 80. Ya kuma sa hannu cikin kuɗin tafiye-tafiyen masu neman iri, irin su George Forrest, wanda ya yi ta komawa lardin Yunnan har ajali ya riske shi can a 1932, da Frank Kingdon-Ward. Ana yawan mantawa da cewa mutanen duwatsun Yunnan ɗin su ne suka hau suka tsinko yawancin irin da Forrest ya aiko, kamar yadda ba a tuna masu shebur na Exbury; sunan mai kuɗi da na Bature mai tafiya su suka hau allunan lambu.

Abu guda ne dukiyar ba ta iya gajarta masa ba. Babban burinsa shi ne aurar da iri biyu don ya sami na uku da ya fi su kyau da jure sanyi. Ana ɗaukar garin furen wannan a shafa wa wancan, a jira ƙwanso ya nuna, a barbaɗa irin da bai fi ƙura girma ba, sannan a zauna jira. Ƙananan suna yin fure bayan ƴan shekaru, manyan kuwa sai su wuce shekara goma, wasu ashirin. Kafin ranar nan ba wanda zai ce ga launin da za a samu, kuma sau da yawa abin da ya fito bai cancanci wurin da ya tare ba, sai a tumɓuke shi. Ya yi irin wannan haɗi fiye da sau 1,000, kowane da rubutaccen lissafinsa, kamar yadda ya saba a banki. Mutumin da ya haura hamsin yana wannan aiki ya san sarai cewa da yawa daga cikin tukwanen da ke gabansa ba shi zai ga furensu ba. Bai fasa ba.

Yaƙi ya sake ɓarkewa a 1939, samarin lambu suka tafi soja. Rothschild ya rasu cikin Janairu na 1942, kuma a wannan shekarar sojan ruwa suka karɓi gidan, daga baya aka yi amfani da shi wajen shirin saukar Normandi ta 1944. Ƴan tsofaffin ma'aikata da suka rage ba su isa riƙon hekta 80 ba. Ciyawa da ƙaya suka shiga tsakanin itatuwa.

Ɗansa Edmund ya komo daga yaƙi ya tarar da wannan daji, ya shiga sharewa sannu a hankali, har ya buɗe lambun ga jama'a a 1955. Cikin shukokin da suka tsira akwai ƴaƴan wani haɗi da mahaifin ya yi gab da rasuwarsa, da wani iri mai rawayan fure wanda ke ɗauke da sunan Kingdon-Ward. Rawaya tsantsa ita ce launin da masu wannan sana'a suka daɗe suna nema a manyan itatuwa. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe da irin rawayar da ake so, aka raɗa masa suna Crest, kuma a 1953 ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila ta ba shi babbar takardar yabonta, shekara goma sha ɗaya bayan an binne wanda ya haɗa shi.