Ranar da na kusa kashe Akawali da ƙauna

Kakana a Damagaram yana da wani baƙin doki, Akawali. Cimarsa sananniya ce: harawa, dusa, ɗan gero, sai kanwa a ruwan sha. Kayan kwaɗayi kuwa aikina ne. Yana son karas da ɓawon kankana, amma dabino ne ke sa shi haniniya. Kaka ya koya mini in cire ƙwallon, in shimfiɗa tafin hannu kada ya haɗa da yatsuna. Goro da albasa kuwa ya hana ni ba shi.

Ina shekara 11, daren jajibirin sallah, na so Akawali ya fi kowane doki ƙarfi a hawa. Na saci gero kwano uku na zuba masa. Kafin tsakar dare yana ta zufa, yana shurin cikinsa, yana neman birgima. Kaka ya kwance shi daga turke, ya kwana zagaya gida da shi, ni kuma ina biye ina kuka.

Da asuba, da doki ya samu sauƙi, ya ce: "Ɗan nema, doki ba ya amai. Abin da ka ba shi ya shiga ke nan."

Sallar bara wani mai sauraro ya bugo mini waya a rediyo, yana tambayar abin da zai ba dokinsa ya ji daɗi. Na ce dabino biyu, a cire ƙwallo, na uku kuma ya ci da kansa.