Amalanke Nawa Ne Buhun Yuriya Ɗaya?

Duk wanda na gaya wa cewa na yi karatun noma ta wayar hannu sai ya yi dariya, ni kuwa ban taɓa ganin laifinsa ba. A Limawa aka haife ni, a gindin duwatsun nan da suka ba Dutse sunanta, kuma a wajenmu ba a san noma da littafi ba. Yaro yana buɗe ido ne ya ga fartanya a hannunsa, ya bi ubansa gona da damina, ya bi shi lambu da rani, shi ke nan ya iya. To ina ga a ce ƙato da gemunsa, malamin makaranta, ya zauna bayan sallar isha'i yana latsa waya wai yana koyon yadda ake shuka albasa?

Abin da ya kai ni ba sha'awar takarda ba ce. Muna da wani lambu na gado wanda bai cika eka guda ba, da rijiya a ciki da bishiyoyin dabino a gefe. Tun da mahaifinmu ya rasu Baffa ne ke riƙe da shi, ni kuma ina taimakawa da abin da ya sawwaƙa daga albashi. A shekarar 2022, bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, takin zamani ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Da muka yi lissafin ranin wannan shekarar, sai ga shi kamfa da yuriya da maganin feshi sun cinye ribar. A nan ne yayyena suka kawo maganar da dama take cikinsu: a yanka lambun fuloti-fuloti a sayar, kowa ya kama rabonsa. Kuma suna da hujja. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 gari yake cin gonaki, da aka kafa jami'ar tarayya a 2011 kuwa sai abin ya ƙara wuta. Na roƙi arziki a ba ni rani biyu. Ban da wannan roƙon, da ban san hanyar karatun ba.

Barin aiki in koma makaranta ba zai yiwu ba, ga iyali. Sai karatu daga nesa. Mai karatu ya sani wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Iyayenmu 'yan boko na farko ta gidan waya suka riƙa karɓar darasi daga Ingila. Cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da malamai masu ɗimbin yawa suna zaune a garuruwansu. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo. Tana da cibiya a nan Dutse, littattafanta kuma suna intanet, kowa na iya saukewa kyauta. Na sauke nata na kimiyyar ƙasa da na amfanin gona na karanta. Amma kwas ɗin da na yi rajista na wata makaranta ce ta ƙasar waje, na wata shida, a kan noman lambu ba tare da sinadari ba, wanda suke kira oganik.

Rabin darussan ba da mu ake ba. Ana bayanin yadda za ka kare shuka daga ƙanƙara, ni kuwa ina fifita da murfin littafi. Ana lissafa ciyayin da ban taɓa gani ba. Ga kuɗin data, ga neman inda za a sa caji. Amma akwai abu guda da karatun nesa ke da shi wanda na yi imani aji ba shi da shi: ba ya raba ka da ƙasarka. Duk aikin da aka ba ka, a gonarka za ka yi shi, ka ɗauki hoto ka aika. Aikin farko shi ne in ɗebi ƙasar lambu in zuba a kwalba, in cika da ruwa, in girgiza in ajiye. Yashi kan kwanta cikin minti guda, laka sai ta kwana ba ta gama sauka ba. Tawa kwalbar kusan duk yashi ce, lakar ba ta fi kaurin farce ba. Ba banza aka kira jihar nan Jigawa ba. A ranar na gane abin da ya sa muke zuba yuriya kamar muna zubawa a kwando. Yashi ba ya riƙe taki, ban-ruwa biyu ya wanke shi zuwa ƙasa, wanda aka bari a sarari cikin zafin rana kuma ya bi iska.

Na kai wa Baffa labarin takin rami, da muhimmancin barin bishiya a gona, da juya shuka. Yana zaune yana gyaran igiyar hawa dabino, bai ɗago ba sai da na gama.

"Malam, nawa ka ce ka biya?"

Na faɗa masa.

"To Allah ya sa albarka. Amma noman kakanka ne Nasara ya sa wa suna ya sayar maka da dala."

Gaskiyarsa, har ma ta fi yadda yake zato. Baturen da ake jingina wa wannan fanni, Albert Howard, wanda littafinsa ya fito a 1940, a wajen manoman Indiya ya koyi yawancin abin da ya rubuta. Mu ma nan, shekara aru-aru jakuna suna fita daga birnin Kano da mangalar shara da toka da kashin awaki zuwa gonakin karkara, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, manomin Hausa ya san darajarsa kafin masana su auna shi. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, barin tohon kututture ya girma ne ya mayar da bishiyoyi gonakin da suka zama fako. Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, da ramukan shuka irin na kakanninsa ya sami lambar yabo ta duniya a 2018. Duk wannan na Baffa ne. Abin da littafi ya ƙara mini, wanda Baffa ba shi da shi, ma'auni ne.

Ga lissafin da ya hana ni barci. Abincin da ganye ya fi buƙata shi ne sinadarin naitirojin. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kashin shanun da ya sha rana da iska, irin wanda muke samu, bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba. Ke nan kafin ka maye gurbin buhu ɗaya kana buƙatar sama da tan biyu, wanda a awon da na yi ya kama amalanken shanu biyar zuwa shida. Kuma ko wannan ba a shekara guda yake sakin abin da ke cikinsa ba, a hankali yake bayarwa. Buhun da yaro zai ɗauko a bayan babur, shi ne amalanke shida, da kuɗin lodi, da kuɗin watsawa.

To a ina za a samo? Nan ne ni da malamar da ke duba aikina muka yi ta musayar saƙo. Littafinsu cewa yake ka tattara abin da aka zubar a gona ka yi taki da shi, kyauta. Na rubuta mata cewa a Limawa ba a zubar da komai. Harawar wake kuɗi ce, wata shekarar ma da bazara tana neman kamo waken a daraja. Karan dawa danga ne, makamashi ne, abincin dabba ne. Karmami yana da mai shi. Kashin awakin da ke cikin gida na matan gida ne, kuma sun san farashinsa a buhu. A da, bayan kaka, manomi kan ba Bafillatani damin gero don shanunsa su kwana a gonarsa su bar masa taki. Yanzu burtali ya tsuke, amana ta yi ƙaranci, manomi ya kwashe karansa tas, makiyayi ya wuce. Sharar gari kuwa da kakanninmu suka dogara da ita, je ka juji ka gani: leda ce, da batir, da fasassun kwalabe. Sai ka tankaɗe amalanke guda kafin ka sami abin kirki. Matar nan ta yi adalci, ta ce ba ta taɓa kallon abin ta nan ba. Ni kuma na ce a raina, ashe karatun nesa yana tafiya ta fuska biyu.

Shi ya sa idan na ji wani ɗan boko a rediyo yana cewa manoma su watsar da takin zamani gaba ɗaya, sai in san bai taɓa loda amalanke ba. Ƙasar Siri Lanka ta gwada haka a 2021. Gwamnati ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, shinkafa da ganyen shayi suka faɗi, kafin shekarar ta ƙare aka janye dokar. Wanda cikinsa ke ƙoshe ne ke mayar da hanyar noma aƙida.

Abin da na yi shi ne na raba fangalin albasa gida uku. Kashi ɗaya takin rami zalla, ɗaya kamfa da yuriya kamar yadda aka saba, ɗaya kuma takin rami da rabin takin zamanin da muke sawa, a binne shi ba a watsa ba. Takin ramin na haɗa shi da kashin awaki, da ganyen darbejiya, da toka kaɗan, da ɓawon gyaɗa, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Idan ya kama aiki, ka soka ƙarfe a ciki ka zaro ba ka iya riƙe shi, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyawar da ke cikin kashin. Ranin farko na zalla ya zo na ƙarshe, Baffa bai ce komai ba, shirunsa kuwa ya fi magana ciwo. Na haɗin ya yi kafaɗa da kafaɗa da na takin zamani, da rabin kuɗin. A rani na biyu sai wani abu ya fito wanda ban sa shi a lissafi ba. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ɗin injin ban-ruwa ya zama babban abin da ke cin manomin rani. Fangalin da suka sha takin rami shekara biyu sai suka riƙa riƙe laima, suna ƙara kwana guda kafin su nemi ruwa. Kwana guda a kowane zagaye, daga dashe zuwa cira, jarkoki ne. Baffa da kansa ya fara lura, don shi ke tayar da inji.

Ta wajen ƙwari kuwa ba zan yi wa kowa alkawarin da ba haka ba. Ruwan 'ya'yan darbejiya, a daka giram 50 a lita guda, a jiƙa ya kwana, a tace a sa ɗan sabulu a fesa da yamma, yana maganin darɓa da ƙananan tsutsotsi idan an fara da wuri. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, manomin da ya saba ganin ƙwaro ya faɗo a gabansa kuwa sai ya ce ruwa ka fesa. Tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta taso daga Kudancin Amurka ta share tumatirin Kano da Kaduna da Jigawa a 2016, cikin ganye take shigewa, ta gagari magungunan kanti da yawa balle darbejiya ita kaɗai. Amma darasin ƙwarin ya buɗe mini ido a kan abin da ya fi riba muhimmanci. Kowace kwalbar magani tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Wa ke karantawa? Ana fesa wa salak da yamma, da safe yana kasuwa, da rana yana cikin kwanon yara. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan guba irin ta fiya-fiya da aka samu a ciki. Su sun auna sun ƙi. Mu da ba mai auna mana, mu muka cinye.

Takardar shaidar gama kwas tana nan cikin akwati. Ita ba ta mayar da albasarmu oganik ba. Wannan wata takardar ce daban, sai gona ta yi shekara biyu zuwa uku ba sinadari, sai mai bincike ya zo an biya shi, kuma a kasuwar Shuwarin ba wanda zai ƙara maka ko sisi don ita. Mai riɗi ko zoɓo da ke haɗa kai da ɗaruruwan manoma don fitarwa waje, shi tana iya yi masa rana. Mai fangalin albasa a Limawa, a'a.

Da wa'adin rani biyu ya cika muka zauna a zauren Baffa, na buɗe littafin da nake rubuta komai a ciki, kowace jarkar fetur da kowane mudun taki. Babban yayanmu ya daɗe yana juya shafukan. Ribar ba ta kai ko kusa da kuɗin fuloti ba, kuma ban ce ta kai ba. Baffa ne ya yi magana, ya ce shi dai a bar shi ya ga 'ya'yan dabinon da muka cire daga gindin uwarsu muka dasa sun yi huda, don wanda aka shuka daga ƙwallo rabi maza ne, waɗannan kuwa ya san uwarsu. Aka tsaya a kan cewa ɓangaren da ke bakin hanya za a yanka fuloti biyu a sallami masu buƙata, rijiya da dabino da fangali su zauna. Daga kasona na sayi awaki huɗu na ɗaure a gida, saboda kashinsu.